ZARE: Daga Kano 1996 zuwa Madarumfa, tarihin gwajin magani a jikin 'ya'yanmu

1/ Zaren yau yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. Ni ɗan Tozai ne, ƙasar Gobir, wajen Isa da Sabon Birni, iyakar Nijar na nan kusa da mu. Ina da yaya mace da ba ta ji ko kaɗan tun 1996. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana ƙarama. Saboda ita na fara bibiyar wannan tarihi.

2/ Abin da ya tayar da maganar: kwanaki na je gida, masu ɗigon foliyo suka yi sallama, Inna ta kora jikokinta ɗaki ta ja ƙyaure. Ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi boko, mi sunka sa ciki? Ba su na sunka gwada magani ga ɗiyan Kano ba?" Na buɗe baki zan ce ƙarya ne, sai na tuna ai an yi.

3/ To bari mu faro daga tushe. Muna zaune ne a yankin da likitoci ke kira zirin sanƙarau, daga Senegal har Habasha. Wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, shi ya fayyace shi a 1963. Cutar tana tashi da rani, lokacin ƙura da zafi, ta lafa da saukar ruwan farko. Tsofaffinmu sun san haka tun kafin a rubuta.

4/ Kuma bincike a kanta ba baƙon abu ba ne a Arewa. A shekarun 1970, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, Brian Greenwood da abokan aikinsa 'yan Najeriya sun yi ta nazarinta. A nan aka gwada allurar kuloramfenikol mai mai, wadda ke daɗewa a jiki, guda ɗaya ta yi aikin allurai na kwanaki.

5/ Ku auna amfanin wannan a ƙauye irin namu. Malamin asibiti ɗaya, marasa lafiya kwance a ƙarƙashin bishiya, babu mai iya bin kowa da allura sau huɗu a rana. Allura ɗaya tilo ta ceci mutane masu ɗimbin yawa a faɗin Sahel. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6/ Sai 1996. Annobar sanƙarau mafi muni da aka rubuta a Najeriya. Sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, yawancinsu a Arewa, yawancinsu yara. A gidanmu Yaya ta kwana uku wuyanta a sanƙare, ba ta san wanda ke kanta ba. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma ta farka cikin shiru.

7/ A daidai wannan lokaci, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ƙungiyar likitoci ta MSF na yi wa yara magani da waccan allura. Sai ga tawagar kamfanin Pfizer daga Amurka da sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a riga an ba shi lasisi ba. Suna son gwada shi a kan yara masu sanƙarau.

8/ Yara kusan 200 suka shiga. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su saftiriyazon, maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu: 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma, annoba kuwa tana ci.

9/ Don adalci: sanƙarau da kansa yana kisa, yana kurumtarwa, ga Yaya nan shaida, ita da ba ta taɓa zuwa Kano ba. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, cewa maganinsa ya ceci rayuka, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki.

10/ Amma iyaye da dama sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, kuma ba su san akwai sanannen magani kyauta a cikin asibitin ba. Babu takardun izini da suka sa wa hannu. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a ma, daga baya ta fito cewa bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya.

11/ Jaridar Washington Post ce ta fasa ƙwan a Disamba 2000. Kafin nan, a 1999, Turai ta dakatar da Trovan, Amurka ta taƙaita shi, saboda illa ga hanta. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007. A 2009 aka sasanta a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya.

12/ Shekara 15 ke nan daga gwaji zuwa diyyar farko. Amma asarar da ta fi girma ba a kotu aka lissafa ta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar da riga-kafin foliyo, bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Labarin Trovan na cikin abin da ya ba jitar ƙarfi.

13/ Kano ba ta dawo ba sai Yuli 2004, bayan an kawo riga-kafin daga Indonesiya. Sakamakon haka ƙwayar foliyo ta bazu daga Najeriya zuwa ƙasashe kusan 20. Yaran da suka shanye a wannan rikici ba su san Pfizer ba, ba su san kotu ba. Sai 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da foliyon daji.

14/ Yawancinmu nan muke tsayar da labarin. Ni ma nan na tsaya shekara da shekaru. Amma akwai ci gaba, kuma rashin saninsa na cutar da mu. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. Yanzu doka ce: babu gwaji sai kwamitin ɗa'a ya duba, babu shigar da mutum sai da izininsa bayan an fahimtar da shi.

15/ Mu koma kan sanƙarau. Bayan 1996 ministocin lafiya na Afirka suka nemi riga-kafi mai ɗorewa kuma mai araha. Aka ƙera MenAfriVac a kamfanin Serum na Indiya, kowace allura ƙasa da rabin dala. An gwada shi a Indiya, Mali, Gambiya, Gana da Senegal. A Disamba 2010 aka fara shi a Burkina Faso, Mali da Nijar, Najeriya ta bi a 2011.

16/ Nau'in A, wanda ya yi mana ɓarnar 1996, kusan ya ɓace daga yankin. Amma sanƙarau dangi ne. A 2013 wani sabon nau'in C ya ɓulla a nan jihar Sakkwato. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya tashi daga Zamfara, ya kama sama da 14,000, ya kashe sama da 1,100. Da yawanku kun ga wannan da idonku.

17/ Sai aka sake komawa bincike. Riga-kafi ɗaya mai tare nau'i biyar, A, C, W, Y da X. An gwada shi a kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, sakamako ya fito a 2023. A Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da shi. Iyayen Bamako ne suka miƙa hannun 'ya'yansu, namu suka amfana.

18/ Yanzu ku tsallaka iyaka da ni zuwa jihar Maraɗi, inda danginmu Gobirawan Tsibiri suke. A Madarumfa, daga 2014, cibiyar bincike ta Epicentre tare da ma'aikatar lafiyar Nijar ta gwada riga-kafin gudawar ƙwayar rota a kan jarirai sama da 3,500. Hausawa ne irinmu, gero suke ci, rijiya suke sha.

19/ Abin da ya bambanta shi: an yi shi ya jure zafi, ba ya saurin lalacewa in babu firji. Duk wanda ya san wutar lantarki a Isa ya san darajar wannan. Sakamakon 2017 ya nuna ya rage gudawa mai tsanani ta ƙwayar rota da kusan kashi 67 cikin ɗari. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

20/ Sikila fa? Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, kuma tana jawo wa yara shanyewar ɓarin jiki. A Turai ƙarin jini ake musu duk wata don kariya. Ina talaka zai samu jini duk wata? Likitocin Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220.

21/ Da farko ana auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro da na'ura, a gano wanda ke cikin haɗari. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ƙaramin awo na maganin ya ba da kariya daidai da matsakaicin awo. Wato rabin magani, rabin kuɗi. Tambayar daga asibitocinmu ta fito, amsar ma a nan aka samo ta.

22/ Na ƙarshe, zubar jini bayan haihuwa. Wa a cikinmu bai rasa wata a dangi ta wannan hanya ba? Matsalar ita ce da ido ake kimanta jinin, kafin a farga lokaci ya ƙure. Binciken E-MOTIVE ya kawo leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, da zarar jini ya kai layi a ba ta duk matakan ceto a tare.

23/ Asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000. Sakamakon Mayu 2023: mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin ɗari. Wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. A Kano, garin da aka yi Trovan.

24/ To mene ne darasin? Duk maganin da ke shagon kemis, wani ne aka fara gwada shi a jikinsa. In ba a gwada a yanayinmu ba, da zafinmu da abincinmu da aljihunmu, sai dai mu yi ta cin abin da aka auna da jikin wasu. Laifin 1996 shi ne an shiga da 'ya'yan mutane ba tare da iyaye sun gane me suke shiga ba.

25/ Don haka in an zo da bincike garinku, kada ku kore su, kada kuma ku miƙa wuya ido rufe. Ku tambaya: Wane kwamitin ɗa'a ya amince? Ina takardar da Hausa? In na ƙi, za a yi wa ɗana magani kamar kowa? In na shiga, zan iya fita? In an samu illa, wa zai ɗauki nauyi? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan.

26/ Ku kuma sani, a gwaji na gaskiya ƙuri'a ce ke raba mutane gida biyu, likita ba ya zaɓa, don kada son rai ya shiga. Sannan riga-kafin da ake kawowa gida-gida ya riga ya wuce matakin gwaji. Cakuɗa waɗannan biyun shi ne kuskuren Inna, kuma ban ga laifinta ba, ba wanda ya taɓa zama ya warware mata.

27/ Abin da ke ci min rai yanzu daban ne. Ledar auna jini tana asibitin birni, matar Tozai kuwa naƙuda na kama ta da dare, hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Tun 2019 dubban mutanen yankinmu ke gudun hijira a jihar Maraɗi. An gano amsoshi da yawa, isowarsu gare mu ce ta gagara. Wannan ya kamata mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu.

28/ Rannan na zauna na ba Inna labarin nan kaf, ban ɓoye mata na Kano ba. Ta ce, "To aƙalla kai ba ka ce mani hauka nike ba." Ba ta ce ta yarda ba. Yaya ce, da ke gefe tana karanta bakinmu, ta tashi ta buɗe ƙyauren, ta riƙo 'ya'yanta biyu ta fita da su zaure. Inna ba ta hana ta ba.

29/ Nan zan tsaya. In a gidanku akwai wanda annobar 1996 ko ta 2017 ta taɓa, ku ba mu labari a ƙasa, tarihin nan namu ne kuma ba a rubuta shi da Hausa sosai ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Gobir. Amin.