Yadda Likitoci Suka Koyi Gane Zaizayar Ƙashi Daga Fitsari

Ƙashin ɗan Adam ba kamar dutse yake ba. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. In rushewa ta fi gini yawa, sai ƙashi ya zama holoƙo, har 'yar faɗuwa ta karya ƙugun tsohuwa. Ɓaraguzan kuwa jini ke kwashe su, ƙoda ta tace, su fita cikin fitsari.

A shekarar 1845 aka aika wa Henry Bence Jones, wani likitan birnin Landan, fitsarin wani ɗan kasuwa mai ciwon ƙasusuwa. Da ya ɗumama shi sai wani abu ya daskare a ciki, da ya tafasa kuma sai ya narke. Bayan mutumin ya rasu aka tarar haƙarƙarinsa sun yi laushi har wuƙa na yanka su. Daga baya aka gane cutar daji ce ta ɓargo, amma dai an ga fitsari yana ba da labarin ƙashi.

To, cikin ƙashi akwai wani zare mai ƙarfi, ana ce da shi kolajin. Shi ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya kwana. A 1902 Emil Fischer, mutumin Jamus, ya ware wani sinadari daga cikinsa, watau haidiroksifurolin. Wajen 1960 aka shiga auna shi a fitsari: a zuba magani har ruwan ya yi ja, ƙarfin jan ya nuna yawansa. Sai dai fata ma tana da shi, wanda ya ci ganda ko ƙafar sa kuma awonsa kan hau, alhali ƙashinsa lafiya lau.

A 1977 Daisaburo Fujimoto na Japan ya gano firidinolin, wato ƙullin da ke ɗaure zaren kolajin, abinci kuwa ba ya rikita awonsa. A 1992 masana a birnin Siyatil na Amurka suka fito da gwajin NTX, mai kama guntun kolajin irin na ƙashi. Akan ɗebi fitsarin safe, a gwama sakamakon da kauri ko tsinkewar fitsarin.

Yau an fi auna irin waɗannan alamu a jini, amma fitsari ne ya share hanya. Hoton ƙashi sai an yi shekara ɗaya ko biyu yake nuna canji. Da wannan awo kuwa, cikin wata 3 zuwa 6 likita zai san ko magani ya kama, tun ƙashi bai karye ba.