Abin da Ya Sa Tsohuwar Land Rover Take da Wuyar Mutuwa



Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila, har sai da gwamnati ta riƙa rabonsa ga masana'antu. A lokacin, Maurice Wilks na kamfanin Rover yana aiki da wata tsohuwar Jeep ta sojan Amurka a gonarsa da ke Anglesey. Daga nan ya samo tunanin ƙera motar manomi. An baje kolin Land Rover ta farko a Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948.

Ƙarancin ƙarfen nan ne ya sa aka yi bodinta da alminiyom, aka ɗaure shi da noti a kan shasin ƙarfe. Shi ya sa masu sha'awar tayar da tsofaffin motoci suke sonta: alminiyom ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, kuma ana iya kwance bodin ɗaya bayan ɗaya a gareji.

To amma a nan tarkon yake. Sai ka ga mota tsaf a ido, alhali tsatsa ta cinye shasin da bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da direba. Wanda ya san aikin, ƙarƙashi yake fara leƙawa kafin ya yi zancen fenti, don kada kuɗinsa su bi ruwa.

A 2016, shekarar da aka daina ƙera tsohuwar Defender, kamfanin da kansa ya fara nemo motocin farkon yana sabunta su. Guda 25 ya fara da su.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.