Gidan Tsire a Ƙasar Sin: Nazari kan Asalinsa da Matsayinsa

Gashin nama a tsinke, wanda Sinawa ke kira shaokao, yana cikin abincin dare mafi farin jini a biranen ƙasar Sin. Gidajen da ake sayar da shi ba su da wata ƙawa: gajerun tebura, kujerun roba, da doguwar siririyar tukunyar ƙarfe cike da gawayi. Amma tarihinsu yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauyin tattalin arzikin ƙasar.

Salon da ya fi yaɗuwa ya fito ne daga 'yan ƙabilar Uygur na yankin Xinjiang, waɗanda akasarinsu Musulmi ne. Sukan yanka naman rago ƙanana, su jera shi ana sa kitse a tsakani, sannan su barbaɗa gishiri da barkono da ƙwayar kumin yana kan wuta. A nan ya sha bamban da tsiren ƙasar Hausa, wanda garin ƙuli-ƙuli ne ginshiƙin yajinsa. Bayan sauye-sauyen da aka fara a 1978, aka sakar wa ƙananan 'yan kasuwa mara, masu gashi daga Xinjiang suka bazu zuwa Beijing da sauran birane. Zuwa 1986 sana'ar ta shahara har 'yan wasa Chen Peisi da Zhu Shimao suka yi wasan barkwanci kan mai sayar da tsire a shirin talabijin na bikin sabuwar shekara. A ƙarshen shekarun 1990 kuma, da aka sallami miliyoyin ma'aikata daga masana'antun gwamnati, musamman a arewa maso gabas, da yawa suka rungumi gashi saboda jarinsa kaɗan ne.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne tsarin zaman. A liyafar Sinawa ta ƙa'ida, kowa da kujerarsa gwargwadon girmansa, babban baƙo yana fuskantar ƙofa, mai masauki ne ke zaɓen abinci. A gidan tsire duk wannan ya faɗi. Ana yin oda ne da ƙidayar tsinke, goma ko ashirin, in sun ƙare a ƙara. Tun da kowane tsinke loma biyu ko uku ne, kuma da zafinsa ake so, abincin yana zuwa ne kashi-kashi, hira kuwa ta yi ta miƙewa har tsakar dare. Ban da rago, ana gasa ƙoda, fuka-fukin kaza, abincin teku, ganyaye da burodi.

Birnin Zibo na lardin Shandong ya nuna ƙarfin wannan al'ada a 2023, lokacin da matasa suka yi ta tururuwa can bayan ɗage dokokin kullen korona. A can akan kawo naman bai gama gasuwa ba, mai ci ya ƙarasa shi a ɗan murhun da ke kan teburinsa, ya naɗe shi cikin siririyar gurasa tare da lawashi da miya mai kauri.

Sana'ar ba ta rasa ƙalubale ba. A 2013 hukumomin Beijing sun lalata ɗaruruwan tukwanen gashi na bakin titi da sunan yaƙi da gurɓatar iska, matakin da ya taimaka wajen tura masu gashi cikin shaguna.

Ga fataken Hausawa da ke zuwa Guangzhou da Yiwu, akwai abin kiyayewa. Ko da yake asalin gashin na Musulmi ne, yawancin gidajen yau suna gasa naman alade a wuta ɗaya da sauran nama, giya kuma tana kan kusan kowane tebur. Mai son ci da kwanciyar hankali sai ya nemi gidan da ke ɗauke da alamar qingzhen, wato halal.