Tarihin Kalmar "Garau" da Matsayinta a Nahawun Hausa

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun kalmar garau, tare da nuna dalilin da ya sa bai dace a koyar da ita a matsayin sifa ba, kamar yadda wasu malamai kan yi a aji.

Ma'anar kalmar ta fi fitowa fili a wajen ruwa. Wanda ya tsaya a bakin Kogin Kaduna ta wajen Unguwar Rimi da damina, zai tarar da ruwan ya yi ja saboda laka. Da rani kuwa, idan lakar ta kwanta, sai a ce ruwa ya yi garau. Ke nan kalmar tana nufin hasken da kan bayyana bayan gushewar abin da ya dusashe shi. Shi ya sa akan ce gari ya yi garau bayan hazo, ko majinyaci ya warke garau. An buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, kuma a wannan fanni ma akan yi amfani da kalmar: a ji murya garau, a ga hoto garau.

Dangane da ajinta kuwa, waɗanda suka fara rubuta ƙamus na Hausa, wato Schön a 1876 da Robinson a 1899, sun auna harshen ne da ma'aunin nahawun Turai, wanda bai ware wa irin waɗannan kalmomi aji na musamman ba. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934. Shekara guda bayan haka, a 1935, Doke ya bayyana wannan aji a nazarinsa na harsunan Bantu, ajin da manazarta Hausa suka raɗa wa suna amsa-kama.

Hujjar tana cikin harshen kansa. Sifa takan bi jinsi da adadi: fari, fara, farare. Takan kuma gabaci suna da mahaɗi, kamar farin ruwa. Garau ba ta canza kama ga namiji ko tamace ko jam'i, kuma Bahaushe ba ya cewa garaun ruwa. 'Yan'uwanta su ne fat da wur da ƙirin.

A ƙarshe, ɗalibin da aka koya wa cewa garau sifa ce, shi ne malamin gobe, kuma kuskuren zai bi shi har ajinsa. Saboda haka ya wajaba kwalejojin ilimi su ba amsa-kama darasinta na daban.