Tukunya Mai Ƙafa Uku: Asalinta da Yadda Ake Gane Ta

A ƙasar Ingila, wajen shekara ta 1700, talaka ba ya iya sayen tukunyar ƙarfe cikin sauƙi. Ta tagulla tana da tsada, ta baƙin ƙarfe kuwa sai an gina mata mazubi na yumɓu, a busar da shi, a zuba narkakken ƙarfe, sa'an nan a fasa mazubin a fitar da ita. Kowace tukunya da nata mazubin, ga kauri, ga nauyi.

Wanda ya sake wannan al'amari shi ne Abraham Darby, wanda aka haifa a 1678. Shi ɗan ɗarikar Kwaka ne, waɗanda ke kiran kansu Abokai. Da yake sun ƙi yin rantsuwa, an rufe musu ƙofar jami'a da aikin gwamnati, saboda haka da yawansu suka dukufa ga sana'a da ciniki. A birnin Biristol, Darby da yaronsa John Thomas suka yi ta gwaji har suka iya zuba tukunya a cikin danshin rairayi. Da samfuri ɗaya sai a danna siffa a rairayi sau ɗari, tukunyar kuma ta fito da siririn jiki. A 1707 gwamnati ta ba shi takardar da ta hana kowa kwaikwayon dabarar har shekara 14.

A 1709 ya hura tanderunsa a Coalbrookdale, kusa da kogin Severn. Maimakon gawayin itace, wanda ya yi tsada, sai ya yi aiki da kwal da aka gasa tukuna domin a rage farar wutar da ke ɓata ƙarfe. Masana tarihi suna lissafta wannan cikin mafarin zamanin masana'antu. Jikansa ne ya gina gadar ƙarfe a kan Severn a 1779, tana nan har yau. Darby kansa dai tukwane yake so ya sayar.

Amma fa labarin yana da ɗaci. Biristol tashar cinikin bayi ce, tukwane da tasoshin Ingila kuwa suna cikin hajar da jirage ke kaiwa gaɓar Afirka ta Yamma a musanya da mutane. Sai a 1761 taron Abokai na Landan ya yanke cewa mai cinikin bayi ba shi da wuri a cikinsu. Sun riga yawancin ikkilisiyoyi, duk da haka sun makara. Daga baya masu zanen barkwanci na Turai suka riƙa zana ɗan mishan zaune cikin irin wannan tukunya, baƙaƙe suna hura wuta, alhali kuwa a ƙasarsu aka zuba ta.

Yanzu akwai masu tara tsofaffin tukwane da kasake, musamman a Amurka da Ingila. Abin da suke fara dubawa shi ne gindi. Idan akwai dogon tabo da ya ɗan taso, nan ne ƙarfe ya shiga mazubi, galibi kuwa alama ce ta aikin da aka yi kafin wajen 1890, gama daga baya an mai da mashigar zuwa baki, ana goge ta. Layukan da suka sauko a jikin tukunya suna nuna inda sassan mazubi suka haɗu. Lamba tana faɗin girma. Suna kuwa yana ƙara daraja: Carron ta Sikotilan, wadda aka kafa a 1759, ko Kenrick, ko Griswold ta garin Erie a Amurka, mai tambarin gicciye cikin da'ira, wadda aka rufe masana'antarta a 1957. Akwai jabu, akan gane su da kaushin jiki da dusassun haruffa. Tsatsa ba ta tsorata mai saye, ana kankare ta a shafa mai a gasa. Tsaga ce ba ta da magani: lafiyayyar tukunya tana amsa kuwa in an ƙwanƙwasa, tsagaggiya ba ta yi.

A kasuwannin Maradi da Kumasi, tukunyar alminiyam ta ture ta baƙin ƙarfe, mazubanta kuwa da rairayi suke aiki, kamar Darby. Maganaɗisu yana raba gardama, gama yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyam. Masana'antar Coalbrookdale ta ci gaba da zubi har 2017, sa'ad da aka rufe ta.