Katin Awo da Gajiyar Masu Jinyar Yara

Babu macen da ta taɓa kai jariri awo a Galmi, ko Maraɗi, ko Jos, da ba ta san katin nan mai layi da ke hawa sama kamar hanyar tudu ba. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san inda aka ƙago shi, da wahalar da ta sa aka ƙago shi.

A shekara ta 1956 wani likita Bature, David Morley, ya zo asibitin mishan na Metodis da ke Ilesha a ƙasar Yarbawa. Abin da ya tarar shi ne abin da kakanninmu suka sani: ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, tarin shiƙa da tamowa suna kwashe yara kafin su kai shekara biyar. Iyaye mata sukan cika farfajiya tun da asuba, likita kuwa ba shi da hannu goma. Da mutumin nan mai neman suna ne, da sai ya yi ta aiki dare da rana har ya faɗi, mu kuma mu rubuta tarihinsa da yabo. Bai bi wannan hanya ba.

Daga 1957, shi da wata nas mai suna Margaret Woodland suka fara bin yara fiye da 400 da aka haifa a ƙauyen Imesi-Ile, suna auna su, suna rubuta abin da ke kama su da abin da ke kashe su. Suka ga cututtuka kaɗan ne ke yin yawancin ɓarnar, kuma nas ko unguwarzoma da aka koya wa da kyau za ta iya lura da mafi yawansu. Daga nan aka kafa asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar. Nas ce ke duba yaro, maganin da aka fi bukata yana nan kusa da ita, likita kuwa sai abu ya gagara a kira shi. Katin awo a hannun uwa yake, ta tafi da shi gida cikin leda. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma wanda ya taɓa tsayawa ana neman fayil ɗinsa cikin tulin takardu ya san yawan lokacin da aka tserar. Da nas ta buɗe kati ta ga layi ya daina hawa, ta san akwai matsala tun yaron bai kwanta ba. A farkon shekarun 1960 kuma aka gwada allurar rigakafin ƙyanda a wannan yanki. Bayan wasu shekaru, da aka gwada Imesi da wani gari na maƙwabta, aka tarar mutuwar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ba ta kai rabin ta maƙwabtan ba.

A ganina, hikimar Ilesha ita ce an daidaita kaya da wuyan mai ɗauka. Ba a roƙi masu jinya su ƙara ƙwazo ba, aikin ne aka gyara. Mu a ikilisiya mun fi son labarin sista wadda ba ta barci, ba ta hutu, har ciwo ya mayar da ita ƙasarsu. Hakika sadaukarwar irin waɗannan ta cancanci girma. Amma ba mu cika tambaya ba: yaran da ta duba a sa'a ta goma sha shida ta aikinta, sun sami irin kulawar da na safe suka samu?

Masu bincike a Amurka ne suka zauna suka ƙidaya amsar. A 1974 wani masanin halin ɗan Adam, Herbert Freudenberger, wanda yake taimako a wani asibitin kyauta a birnin Niyok, ya lura da masu aikin sa kai da suka fara da zafi, bayan shekara guda suka zama kamar fitilar da manta ya ƙare. Wannan ba gajiyar da barcin dare ɗaya ke maganinta ba ce. A 1981 Christina Maslach ta fito da hanyar auna ta, da alamu uku: ƙarfin zuciya ya ƙare, mutum ya fara ganin marasa lafiya kamar kaya ba mutane ba, sa'an nan ya ji aikinsa ba ya amfanin kome. Mai karatu ya lura da ta biyun. Ita ce muke kira rashin tausayi sa'ad da nas ta daka wa uwa tsawa, alhali sau da yawa mai tausayi ce wadda aka tatse.

A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka buga bincike a kan asibitoci 168 na jihar Fensilbaniya, da nas fiye da 10,000. Duk majiyyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar majiyyaci cikin kwana 30 yakan ƙaru da kashi 7 cikin ɗari, haɗarin ita nas ɗin ta faɗa cikin wannan gajiya kuma da kashi 23. Waɗannan manya ne da aka yi wa tiyata. Na yara ya zo a 2013, daga Heather Tubbs-Cooley, a asibitoci 225: ƙarin yaro ɗaya a hannun nas yakan ƙara yiwuwar a sake kwantar da yaro tsakanin kwana 15 zuwa 30 bayan sallama da kashi 11, in kuwa tiyata aka yi masa, da kashi 48. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jariri ba ya cewa ga inda ke mini ciwo, sai an tsaya an duba numfashinsa. Maganinsa bisa ga nauyinsa ake lissafawa. Uwa kuma tana bukatar a zauna a koya mata abin da za ta yi a gida, wannan ne kuwa farkon abin da nas mai gaggawa takan bari.

Jihar Kalifoniya ta yi doka a 1999, ta fara aiki a 2004, cewa a ɗakin yara kada nas ɗaya ta riƙe fiye da yara 4. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa wannan gajiya daga yanayin wurin aiki take fitowa. A ƙasashenmu kuwa, daga watan Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da zazzaɓi da tamowa suke haɗuwa kafin sabon hatsi ya shiga rumbu, ba abin mamaki ba ne a ga yara biyu a gado ɗaya, iyaye mata a kan tabarma a baranda, nas ɗaya tana zagawa da tocila har gari ya waye.