Hannun da Ya Gaji da Maɓallin da Ya Ruɗe Shi

Matasan da ke koyon gyaran na'urorin asibiti a wurina sukan tambaye ni inda ake karanta ilimin tsara na'ura yadda mai aiki da ita ba zai ruɗe ba. Kafin in ambaci makaranta, nakan fara da asalin sana'ar, domin a filin jirgin sama aka haife ta.

A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Amurka samfurin B-17 sun riƙa dawowa lafiya daga fagen fama, sai a wurin sauka su kife da ciki. Kullum rahoton ɗaya ne, wai sakacin matuƙi. A 1943 wani matashi masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba. Ya tarar maɓallin naɗe tayoyi da na sarrafa fiffike suna dab da juna, kuma kamarsu ɗaya. Sai ya sa aka maƙala 'yar tayar roba a kan na tayoyi, aka yi wa ɗayan siffar fiffike, yadda hannu zai gane ko ido bai duba ba. Wannan irin haɗarin ya kau.

An daɗe kafin darasin ya iso ɗakin tiyata. Wani injiniya, Jeffrey Cooper, da ke aiki a babban asibitin Massachusetts a Boston, shi ya ɗauko dabarar masu binciken jiragen sama: ya zauna da likitocin sa barci, ya ce kowa ya faɗi kuskuren da ya yi ko ya gani, ba tare da tsoron hukunci ba. A 1978 ya buga nazari a kan aukuwa 359. Cikin abin da ya fito fili har da wannan: a wasu na'urori, murɗa maɓalli dama yana ƙara maganin sa barci, a wasu kuma rage shi yake yi. Likita ɗaya yana iya aiki da iri biyun a yini guda. Daga baya aka daidaita su, aka kuma yi wa maɓallin oksijin siffa ta daban da yatsa ke ganewa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Therac-25, na'urar gasa cutar daji ta kamfanin AECL na Kanada. Tsakanin 1985 da 1987 ta zuba wa marasa lafiya shida haske fiye da kima, wasu suka rasu. A garin Tyler na Texas, a Maris 1986, ma'aikaciyar da ke kan na'urar ta danna harafin da ba shi ba, ta gyara nan take. Ƙwarewarta ce ta jawo: idan aka yi gyaran cikin daƙiƙa takwas, manhajar ba ta riskarsa. Allon bai ce mata an ƙona mutum ba. Lambar matsala kawai ya nuna, 54, har ma ya nuna kamar hasken bai kai yadda ake so ba. Ta saba ganin irin waɗannan lambobi ba tare da wata illa ba, sai ta danna a ci gaba. Mara lafiyan ya rasu bayan watanni. Masanin kimiyyar asibitin, Fritz Hager, shi ya zauna da ita suka yi ta maimaitawa har suka gano sirrin saurin. Ba na ganin laifin baiwar Allah nan ko kaɗan.

Dokoki sun biyo baya. A 2007 aka fitar da ƙa'idar duniya IEC 62366, a 2016 kuma hukumar FDA ta Amurka ta bayyana cewa tana son a gwada na'ura da aƙalla mutum 15 daga kowane rukunin masu amfani da ita. Sana'ar kuma tana da azuzuwa: Jami'ar Tufts a Amurka, Loughborough a Ingila, da gajerun kwasa-kwasan ƙungiyar AAMI.

Wanda ya sami hali ya je, ina ƙarfafa masa gwiwa. Amma mutum 15 ɗin nan ba safai ake samun nas ɗinmu a cikinsu ba, wadda ke kula da ɗaki cike ita kaɗai da dare, wuta ta ɗauke, janareta ya tashi, na'urar ƙarin ruwa ta koma farko tana tambaya da harshen da ba nata ba. Shi ya sa aikin farko da nake ba ɗalibi shi ne ya zaga ɗakunan jinya da littafi, ya kwafe duk filastar da nas-nas suka manna a jikin na'ura suka yi rubutu da biro, sannan ya nemi wadda ta rubuta ya tambaye ta abin da ya faru ranar.